Darasi: In aikin raya karkara ya zo garinku, wa za a gaya ma, kuma yaushe?



Darasinmu na yau bisa magana ne. Kun saba ganin ayyukan raya karkara, waɗanda muke ce ma furoje. Wani ya zo da rijiya, wani da rumbun tsimi, wani da gyaran burtali ko ginin kasuwa. Akwai wanda ya tsaya har yau ana cin amfaninshi. Akwai wanda ya mutu tun motar ma'aikata ba ta kai bakin kwalta ba. In kun duba da kyau, sau da yawa ba kuɗi suka gaza ba, ba siminti ya gaza ba. Magana ce ba ta kai inda ya kamata ta kai ba. Ko kuwa ta kai, amma a makare, ko ta bakin wanda ba a yarda da shi ba.

Magana ma aiki ce. Ana shirya ta tun gaba, kamar yadda manomi yake tanadin iri tun ruwa bai sauka ba.

Abin da aka faɗa daban, abin da aka ji daban

Mu fara da labarin icce, tun da kowa ya san shi.

A shekara ta 1983 wani ma'aikaci ɗan ƙasar Ostareliya, mai suna Tony Rinaudo, yana aikin dashen itatuwa a jihar Maraɗi. Mafi yawan abin da aka dasa mutuwa yake yi. Sai ya lura da kututturan da ke cikin gonaki, su sabara da kalgo da geza, masu tofo kowace shekara ana sassabe su. Ya ga in an bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, aka gyara su, za su zama icce. Wannan shi ne sassaben zamani.

A shekara ta 1984 aka yi yunwar da muke ce ma El Buhari. Aka raba cimaka a garuruwa kusan 100, bisa sharaɗin kowa ya bar tofo cikin gonarshi. Aka bar itatuwa wajen 500.000. Da damana ta yi kyau aka daina rabon cimaka, sai mutane suka sare kusan kashi biyu cikin uku na itatuwan nan.

Domin mi? Manoman nan ba wawaye ba ne. Masu aikin sun ce: icce zai gyara maka gona. Amma abin da manomi ya ji shi ne: ka bar icce a ba ka hatsi. Da hatsi ya ƙare, sharaɗi ya ƙare. Sa'an nan akwai abin da ke cikin zuciyar manomi, wanda ba ya faɗa gaban baƙo. A dokar daji ta 1974, itatuwa da yawa suna ƙarƙashin tsaron hukuma ko da cikin gonarka suke. Ka sare reshe, ma'aikacin daji ya ci ka tara. To mi zai sa mutum ya reni abin da zai ja mashi tara? Ga kuma dariyar maƙwabta, domin a lokacin gona mai tsabta fes ita ce gonar manomin kirki.

Waɗanda ba su sare nasu ba, su suka juya al'amarin. Bayan ƴan shekaru suna da iccen girki, da ganye na bisashe, iska kuma ba ta binne masu shuka kamar da. Maƙwabta suka gani da idonsu. Gani ya kori ji. Daga baya hukuma ta sake dokar daji a 2004, kuma a 2020 aka sa hannu ga wata doka ta musamman wadda ta tabbatar ma manomi haƙƙin iccen da ya rena cikin gonarshi. Masu bincike sun ƙiyasta sassaben zamani ya kai hekta miliyan 5 a ƙasarmu, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ku riƙe abu biyu daga wannan labari. In ka gama faɗin magana, ka roƙi mai sauraro ya maido maka ita da bakinshi, ka ji abin da ya shiga kunnenshi. Kuma ka nemi sanin abin da yake tsoro.

Su wa aikin ya shafa?

Kafin a kira taro ko ɗaya, kwamitin gari ya zauna ya ƙirga mutane. Tambaya uku ce. Wa zai ci amfanin aikin? Wa zai yi hasara? Wa ke iya tsai da shi?

Ta farko ba ta da wuya. Masu cin amfani su ke fara zuwa taro, su ke zama gaba bisa tabarma. Ta biyun ita ake mantawa, ita ce kuwa mai haɗari. In za a gina rumbun tsimi, akwai mai filin da za a ɗauka. Akwai ɗan kasuwar da ya saba ba da bashin hatsi da bazara a biya shi da kaka. In za a hana saran icce, akwai matar da ba ta da gona, wadda ke girki da abin da ta samo a daji. Akwai makiyayin da ke sassaro ma bisashenshi gawo da rani. Waɗannan ba su cika magana a taro ba. Amma in ba a neme su ba, aikin zai gamu da su a gaba.

Ta uku kuma: mai gari da sarki, liman da malamai, arɗon Fulani, ma'aikatar magajin gari, malamin gona, malamin dabbobi, ma'aikacin daji, da hukumar filaye ta gari. Wanda aka tsallake cikinsu, ko bai ce komi ba, ya ji.

Mutanen Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, sun gane wannan. Da suka ga ana sace masu itatuwan da suka rena, suka kafa kwamitin tsaro. Ba su tsaya ga magidanta masu gonaki kaɗai ba. Suka sa mata ciki, suka sa makiyaya. Aka yi dokoki gaban kowa, aka yanke tarar wanda ya sari iccen wani. Dokar da aka yi da kai tana da wuyar takawa. Saboda haka sunan Ɗan Saga ya yi nisa, baƙi suka riƙa zuwa ganin gonakinsu daga wasu jihohi da wasu ƙasashe.

Masu furoje ma sai da suka koyi tambaya

Tsofaffi sun tuna babban furojen Maraɗi na ƙarshen shekarun 1970. Ma'aikata ke kawo dabara daga ofis: ga iri, ga taki, ga garmar shanu, ga bashi. Manomi nashi shi ne ya karɓa. A watan Nuwamba na 1982 aka yi babban taro a Damagaram bisa ayyukan karkara, inda magabata da kansu suka yarda cewa wannan hanya ba ta kai inda ake so ba, domin ba a sa talakawa cikin shawara.

A ƙasar Agye, asusun duniya na raya noma, wato FIDA, mai cibiya a birnin Roma, ya tallafa ma wani furoje tun cikin shekarun 1990. A ƙarshen shekarun nan ma'aikata suka sake hanya. Suka fara shiga garuruwa da tambaya: ku mi kuke yi da kanku bisa matsalar iri, da iska, da yunwa? Daga nan aka kafa furojen PPILDA, wanda ya fara aiki a 2005. Lokacin Gazawa tana cikin Agye, domin sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta.

Abu guda da PPILDA ya yi ya dace da darasinmu. A garuruwan da ya yi aiki, an rubuta magidanta cikin rajista. Mutanen gari da kansu suka faɗi alamun mai hali da alamun marar hali, aka kasa gidaje kashi huɗu, daga mai ɗan dama har wanda ba ya da komi. In tallafi ya zo, an san wanda za a fara ba, kuma an san dalili. Bayan yunwar 2005 aka buɗe rumbunan tsimi na mata. Mata ke riƙe da mabuɗi, su ke ba da aron hatsi lokacin da rumbun gida ya ƙare ana tsakiyar noma, a biya da kaka. Ku duba: tun da aikin na mata ne, da mata aka yi maganar. Da an aika saƙon ta bakin mazansu kaɗai, da rabi ya zube a hanya. Mai ɗaki shi ya san inda yake mashi yoyo.

Furojen PASADEM da ya biyo baya a 2012, da ProDAF da ya fara a 2015, sun yi aikin kasuwanni da hanyoyi. Kasuwa wuri ne mai masu haƙƙi da yawa: manoma, ƴan kasuwa, dillalai, masu awo, ƴan dako, masu motoci da amalanke, mata masu abinci, da ma'aikatar magajin gari mai karɓar haraji. Aka kafa zauren shawara mai suna Haɗin Gwiwa a manyan kasuwanni, irin su Cadawa da Gidan Runji da Tasawa, domin a tattauna wurin gini da tsarin kasuwa tun ba a aza tubali ba. Dalili a fili yake. Ana iya gina rumfuna masu kyau, ƴan kasuwa su ƙi tashi daga tsohon wurinsu, ginin ya zama makwancin awaki.

Inda rashin magana yake cin rai

Akwai wurin da wannan darasi ya wuce maganar kuɗi. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin ƙasar Gidan Runji, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Allah ya jiƙansu. Ba mu tuna wannan don tada tsohon miki ba. Mun tuna shi don kada a sake.

A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta kawo hukumomin filaye tun daga gunduma har cikin gari, manoma da makiyaya suna zaune ciki. Daga ƙarshen shekarun 1990, furojen PASEL na ƙasar Suwis ya taimaka wajen shata burtali a jihar Maraɗi. Kafa turakun siminti shi ne aiki na ƙarshe, kuma shi ya fi sauƙi. Kafin shi sai an bi gari gari. A zauna da masu gonakin da suka ci burtali. A zauna da makiyaya. A kira tsofaffin da suka san tsohuwar iyaka. A yarda, a rubuta, a sa hannu. Turken da aka kafa ba da yardar mai gona ba, dare ɗaya ake tumɓuke shi.

Haka maganar sakin gonaki. Kowace shekara hukuma ke tsai da rana bayan shawara da wakilan manoma da na makiyaya. Amma ranar da aka tsaida a ofis ba ta da amfani in ba ta kai rugga ba, in ba ta kai kunnen mai wake da bai gama ɗiba ba. A faɗe ta a rediyo da Hausa da Fulatanci. A faɗe ta a kasuwa, da masallacin Juma'a, da bakin rijiyar da ake shayar da bisashe. A aika ma arɗo mutum takanas. Makiyayi mai wucewa ba ya jin shelar da aka yi a ƙofar mai gari.

Yadda za ku shirya maganarku

Yanzu ku ɗauko littafin kwamiti. Ku ja layi tsaye, ku raba shafi gida biyar. Bisa gida na farko ku rubuta: wa. Na biyu: mi za a gaya mashi. Na uku: yaushe. Na huɗu: ta bakin wa. Na biyar: mi ya ce.

Mu ɗauki misali. A ce za a gina rijiya a garinku, kuma an ce gari zai kawo yashi da tsakuwa, kowane gida ya ba da jika guda. A layin farko ku rubuta mai filin. Abin da za a gaya mashi: ga faɗin wurin da ake so, kyauta ne ko saye, kuma za a yi takarda gaban hukumar filaye. Yaushe: kafin babban taro. Kada mutum ya fara jin za a ɗauki filinshi a tsakiyar jama'a. Kunya za ta sa ya ce to, zuciyarshi kuwa ta ce a'a, bayan shekara biyu ɗanshi ya tada maganar. Ta bakin wa: mai gari da wani dattijo da yake jin nauyi.

A layi na biyu ku rubuta mata, tun da su ke ɗibar ruwa. Su za a tambaya ko wurin ya yi nisa. A yi masu nasu taro, mace ta jagoranta, domin mace da yawa ba ta buɗe baki gaban surukinta. In akwai ƙungiyar Mata Masu Dubara a garin, ranar zubinsu ta isa, ba sai an sake tara su ba. Matan da ba su fita, a bi su gida. A layi na uku, makiyaya: za su shayar a nan? Ta wace hanya bisashe za su bi ba su shiga gona ba? Nawa za su biya? A layi na huɗu, samarin da suka tafi bida Nijeriya ko Libiya ko Aljeriya. Kuɗin da gidaje da yawa za su zuba daga hannunsu zai fito. Yau akwai salula. A aika masu saƙon murya ta WhatsApp, su ji daga bakin kwamiti tun ba su ji daga bakin mai tsegumi ba.

Gida na biyar shi ake bari wofi, shi ne kuwa ya fi sauran. Wanda ya faɗi tashi ya tafi bai ji amsa ba, shela ya yi, bai yi shawara ba.

Maganar lokaci

Ma'aikacin da ya kira taro washegarin ruwan shuka, shi da kujerarshi za su zauna. Haka lokacin noman farko, haka ranar kasuwa. Mata ba su samuwa da safe, suna rijiya da daka. Babbar shawara a yi ta bayan kaka, rumbu cike, hankali kwance, samari kuma ba su tafi ba tukuna. In masu furoje za su zo, su sanar kwana uku ko huɗu tun gaba. In sun ce da hantsi, su zo da hantsi. Mun sha ganin gari ya taru tun safe, baƙi su iso bayan la'asar, su yi magana kaɗan su juya. Ran da suka sake kira, ba wanda zai fito sai yara.

A bar mu mu faɗi wata gaskiya ga namu mutane kuma. Akwai masu zuwa taro don kuɗin zama kawai. An saba masu da haka, ba laifinsu kaɗai ba ne. Amma wakilin da gari ya aika horo Agye ko Maraɗi, bashi ne bisa kanshi ya tara mutane ya gaya masu abin da ya jiyo. In ya dawo ya shige gida shiru, a sake wakili.

Labari marar daɗi

Kowane aiki yana gamuwa da cikas. Kuɗi su makara. Ɗan kwangila ya tsaya. A gina a tarar da dutse. A ce gidaje 100 za su samu, a dawo a ce 60. A nan ake gane kwamitin kirki. Mai tsoro yakan yi shiru yana jiran abin ya gyaru. Amma gari ba ya shiru. In ba a faɗi dalili ba, mutane za su ƙago nasu, kuma nasu kullum shi ne: an ci kuɗin. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ku faɗi labarin da wuri. Ku faɗi abin da ya faru, da abin da ake yi a kai, da ranar da za ku sake ba da labari. Ran nan in ta zo ku fito, ko da ba wani sabon abu. Kada ku yi alkawarin abin da ba a hannunku yake ba. In an tambaye ku abin da ba ku da amsarshi, ku ce za ku tambayo, ku kuwa tambayo.

Kuɗi kuma a faɗe su da lamba. Nawa aka tara, nawa aka kashe, nawa suka rage, wa ke riƙe da su. A karanta a taro, a rubuta da manyan baƙaƙe a manna ga bangon rumbu ko ƙofar mai gari. Mai ƙorafi ya san wurin da zai kai kukanshi. A sa mutum biyu, namiji da mace, waɗanda ba su cikin masu riƙon kuɗi. Wanda ya kawo kuka a ba shi amsa cikin mako guda, ko ta yi mashi daɗi ko ba ta yi ba.

Tun ranar farko ku tambayi masu furoje: yaushe aikinku zai ƙare? In kun tafi, wa zai gyara famfo in ya lalace, da kuɗin wa? Furoje yana da ranar ƙarewa. PPILDA ya ƙare, PASADEM ya ƙare. Gara a ji amsar nan ma'aikata suna nan.

Aikinku, ku masu karatu

A da, in an yi taro, sakataren baƙi ne kaɗai ke rubutu, da Faransanci, ya sa cikin jaka ya tafi da shi. Bayan wata shida a yi ta gardama: an ce kaza, ba a ce ba. Yanzu akwai ku. Ku zauna gaba da littafi da alƙalami. Ku rubuta rana, da sunayen waɗanda suka zo, da abin da aka yanke, da wanda ya ɗauki kowane aiki. Kafin a watse, ɗaya ya tashi ya karanta da ƙarfi. Wanda bai yarda ba ya faɗa nan take. Littafin ya zauna cikin gari. In baƙi sun kawo takarda a sa hannu, ku roƙi a fassara maku ita da Hausa layi layi, kuma a bar maku taku.

A wannan mako, malamin aji ya raba ku kashi biyu. Kashi ɗaya ya zaɓi wani aiki da aka taɓa yi a garinku wanda ya tsaya, ɗayan ya zaɓi wanda ya mutu. Ku tambayi tsofaffi da mata da makiyayan da ke kusa: wa aka gaya ma tun farko, wa aka manta? Ku ja gida biyar ɗin nan bisa allo ku cika su. Abin da kuka samo ku rubuto ma jaridarku, da sunan garinku da na cibiyarku. Za mu buga wasiƙun da suka iso.